Ightham Mote: Gidan da Aka Yi Ta Yi wa Faci Kusan Shekara 700

Na tafi Ightham Mote ne da tsammanin ganin fada. Sunan da Turawan Ingila ke furtawa "Aitam Mot" ya daɗe a kunnena a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen masu ƙasa da suka rage a gundumar Kent, kusa da garin Sevenoaks. Da na gangara cikin kwarin da yake, sai na tarar da gida madaidaici, ruwa ya kewaye shi ta fuska huɗu, ƙasansa dutse, samansa katakon itacen oak da farin shafe, bangonsa ma bai miƙe sosai ba. Sai da na haye gada, na ratsa zauren, na tsaya a tsakar gidan, sannan na fara gane abin da nake kallo.

An soma gininsa wajajen 1340, kuma babban ɗakin taro na wancan zamani yana nan har yau. A irin wannan ɗaki ne mai gida da iyalinsa da barorinsa ke cin abinci, a nan kuma ake sauraron ƙorafin manoman da ke noma ƙasarsa, domin gidan mai ƙasa a lokacin mazauni ne kuma majalisa. Daga nan duk wanda ya mallaki gidan ya ƙara nasa. Sir Richard Clement, bafaden Sarki Henry na Takwas, ya bar rufin katako da aka zana wa tambarin sarkin da na matarsa ta fari, Catherine ta Aragon, wato ɗan rumman. Sarkin ya rabu da matar, ƙasa ta yamutse a kan rabuwar, amma rumman ɗin yana nan a rufi. Zuriyar Selby, da ta riƙe gidan daga 1591 zuwa 1889, ta manna wa falo takardar bango ta ƙasar Sin mai zanen hannu. A tsakar gida kuwa akwai ɗakin kare da aka gina wa wata ƙatuwar karya mai suna Dido wajajen 1890, kuma kariyar da doka ta ba gidan ta haɗa har da shi. Na yi dariya da na ji haka, daga baya na ga ba abin dariya ba ne.

Abin da ya sa duk waɗannan suka tsira tare, a ganina, shi ne masu gidan ba su taɓa yin arzikin da zai sa su rushe shi su gina na yayi ba. Manyan attajiran ƙarni na 18 sun baje gidajen kakanninsu sun kafa masu ginshiƙai irin na Rum. Masu Ightham kuwa faci suka yi ta yi: taga a nan, murhu a can. Da suna da hali, da wataƙila babu abin da zan je gani.

Wannan facin ne dokar Ingila ke karewa a yau. Tsarin rajistar gine-ginen tarihi ya kafu sosai ne da dokar tsara birane da karkara ta 1947, dokar 1990 kuma ita ce ginshiƙinsa a yanzu. Matakai uku ne, kuma Ightham yana mataki na ɗaya, wanda bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na gine-ginen da ke rajista ba. Idan gini ya shiga rajista, mai shi ba zai rushe shi ba, ba kuma zai sauya wani abu da ya shafi kamanninsa na tarihi ba, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifin da kotu ke hukuntawa. Kariyar ba ta tsaya kan ɓangaren da ya fi tsufa ba. Tana kallon ginin ne dukkansa, yadda zamani ya miƙa shi ga zamani.

Sai dai doka tana hana gatari ne, ba ta toshe yoyo. Hukuma na iya aika wa mai gida takardar neman gyara, amma takardar ba ta saka kuɗi a aljihunsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harajin gado ya yi nauyi, barori sun yi ƙaranci, aka rushe ɗaruruwan irin waɗannan gidaje. Ightham ma ya kusa bin sahu. A 1951 magajin zuriyar Colyer-Fergusson ya sa shi a kasuwa, aka yi gwanjon kayan ciki, har ana maganar rushe shi don a sayar da darmar rufinsa. Mutum uku daga cikin mazauna yankin suka haɗa kuɗi suka saye shi don kawai kada ya faɗi. A 1953 wani Ba'amurke ɗan kasuwa daga jihar Maine, Charles Henry Robinson, wanda ya taɓa ganin gidan yana saurayi, ya karɓe shi daga hannunsu. Da ya rasu a 1985, ya bar shi wasiyya ga National Trust, ƙungiyar sa-kai da aka kafa a 1895 don kula da irin waɗannan wurare.

Kyautar ta zo da ɗawainiya mai nauyi. Danshi da ƙwaro mai cin katako sun yi wa ginin illa ta ciki. Daga 1989 zuwa 2004 aka yi ta aiki, aka kashe kusan fam miliyan 10. An kwance sassa da dama, an rubuta wurin kowane katako da dutse, an gyara, an mayar. A irin wannan aiki farar ƙasa ake kwaɓawa maimakon siminti, saboda tsohon bango yana bukatar ya fitar da danshi, siminti kuwa kulle shi yake yi a ciki har katako ya ruɓe. Tunanin da ke bayan wannan ya samo asali ne daga William Morris da ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da ya kafa a 1877: a gyara abin da ke nan, kada a ƙirƙiro tsufan da ake zato.

A nan ne raina ya ɗan rabu biyu. Gidan da ya rayu saboda kowane mai shi ya taɓa shi, yanzu an hana kowa taɓa shi. Da dokar yau tana aiki a zamanin Selby, ban sani ba ko da an bar su sun manna takardar nan ta Sin. Ɗakin karatun Robinson shi ne na ƙarshe da wani ya shirya don jin daɗin kansa, kuma an bar shi kamar yadda ya tsara shi. Na daɗe a ƙofarsa fiye da yadda na daɗe a babban ɗakin 1340, har mai kula da ɗakin ta matso ta tambaye ni ko akwai abin da nake nema.