Katangar tsakiyar gida

A Zongon Paraku, idan magada suka kasa zama tare, magini ake kira ya ja katanga ta tsakiyar gida, kowa ya huda ƙofarsa. Misalin da nake bayarwa ke nan a rediyo idan aka tambaye ni aikin amoksisilin, domin haka bakteriya take haihuwa: ta girma, ta gina bango a tsakiyarta, ta rabe biyu. E. coli, in ta sami abinci da ɗumi, minti 20 ya ishe ta.

Wani furotin mai suna FtsZ ne yake fara zagaye tsakiyar kamar igiyar awo, abin da aka gano a 1991. Sai magina su biyo shi suna ɗaure bangon. Su ne penisilin da danginsa suke kamawa. Maganin ya yi kama da tubalin da suka saba ɗauka, suna ɗauka ya liƙe musu a hannu. A 1975 Brian Spratt ya nuna cewa in aka tsayar da magini guda, PBP3, ƙwayar sai ta yi ta tsawo kamar zare, ba rabuwa. In wasu aka tsayar, ta fashe kamar salkar da aka cika fiye da kima. Ƙwayoyin jikinmu ba su da wannan bango, shi ya sa maganin yake wuce su.

Ƙwayar mura ma ba ta da shi, kuma nan muke saɓawa da masu kiran waya. "Malam, ai biyu na sha na warke." Murar ta tafi don kanta, kafso ya karɓi godiya. Bakteriyar hanji da ta fata ce ta sha horo: masu rauni sun mutu, mai juriya ta gaje fili. Wata ma, Staphylococcus, sabon magini ta samo, PBP2a, wanda maganin ba ya riƙe shi da kyau. An ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Da gwamnati ta kwashe magungunan bakin titi a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a Fabrairun 2017, na goyi baya, har gobe ma. Sai dai daga nan har Jugu, uwar da ɗanta ke zazzaɓi, dala arba'in ce a bakin zanenta, kuma mai tire ne kaɗai zai yanko mata ƙwaya biyu.