Ranar Da Bakin Baƙuwa Ya Buɗe

Zuwa Faransa neman ilimi ba sabon abu ba ne ga mutanen ƙasar Sin. A shekarar 1920 wani yaro mai shekara 16, Deng Xiaoping, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya shiga jirgin ruwa tare da 'yan'uwansa samari, ya sauka a Faransa, ya yi fiye da shekara biyar yana aiki a masana'antu yana taɓa karatu. 'Yan baya kuwa jirgin sama suke hawa lokacin dogon hutu, su yi mako uku ko huɗu, su koma gida da takardar shaida. Shi ya sa wasu iyaye kan tambaya, me mutum zai koya cikin mako huɗu da ba zai koya a ɗakinsa ba? Labarin wata ɗaliba daga birnin Chengdu ya isa amsa.

Ita kaɗai ce wurin iyayenta, gama an haife ta a zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka soke a ƙarshen 2015. A 2017 ta zauna babbar jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao, tare da ɗalibai fiye da miliyan 9, ta kuwa ci da kyau. Ta yi shekara biyu tana karatun Faransanci, ba mai wuce ta a nahawu. Iyayenta suka tara abin da suka tara, suka biya mata kwas na mako huɗu a cibiyar koyar da harsuna ta jami'ar Besançon, wadda aka kafa tun 1958. Ran da za ta tashi, uwarta ta ce mata, "'Yata, kada ki ba mu kunya." Wannan magana ita ce kaya mafi nauyi da ta ɗauka.

A watan Yuli na 2019 ta sauka a Faris, ta shiga jirgin ƙasa mai gudu zuwa gabas, wajen iyakar Suwizalan. Besançon gari ne da a lokacin mutanensa ba su kai 120,000 ba, alhali kuwa birnin da ta baro ya haura miliyan 15. Kogin Doubs ya yi wa tsohon garin zobe, a kan dutse kuma ga ganuwar da Vauban ya tsara a zamanin Sarki Luwi na 14. Nan aka haifi marubuci Victor Hugo a 1802. Duk wannan ta riga ta karanta. Abin da littafi bai gaya mata ba shi ne mutane ba sa jira ka gama shirya jimlarka kafin su wuce.

An sauke ta a gidan wata tsohuwa, gwauruwa mai shekara 82, wadda 'ya'yanta suka watse zuwa wasu garuruwa. Tsohuwar mai ibada ce, ba ta fasa zuwa sujada ran Lahadi, kuma ta daɗe tana karɓar ɗalibai baƙi domin kada gidan ya yi shiru. Kowace yamma takan shirya tebur, ta kawo burodi da miya da cukun nan na yankin mai suna Comté, ta zauna tana yi wa baƙuwarta tambayoyi. Yarinyar kuwa sai murmushi, da "i", da "na gode". A garinsu abinci sai da barkono, ruwa kuma da ɗuminsa ake sha. Nan ga ruwan sanyi, ga cuku mai wari, amma ta kasa cewa komai. Da an tashi daga tebur sai ta shige ɗaki ta ɗauki waya, ta yi ta rubuta wa ƙawayenta saƙo da Sinanci har dare ya raba.

A aji ma haka. Idan aka ba da aikin rubutu ita ce ta fari, idan aka ce a yi magana sai ta sunkuyar da kai. Ba rashin sani ba ne. Tun tana ƙarama an koya mata cewa kuskure a gaban jama'a zubar da mutunci ne, nata da na gidansu. Saboda haka takan gina jimla a zuci, ta auna ta, ta sāke aunawa, kafin ta buɗe baki hira ta yi gaba. Lokacin cin abincin rana takan zauna da 'yan ƙasarsu, su ci su tashi ba wanda ya furta kalma ɗaya ta Faransanci.

Cibiyar takan karɓi malaman Faransanci daga ƙasashe dabam-dabam su ma su ƙaro sani. Cikinsu akwai wani malami daga Maraɗi, dattijo mai fara'a, wanda ya lura da ita. Wata rana ya ce mata, "'Yata, a wajenmu akan ce matambayi ba ya ɓata. Ni ma sai da na shiga makaranta na fara jin wannan harshe, an kuwa sha yi mini dariya. Dariya ba ta kisa." Ta yi godiya cikin ladabi, amma mako biyu suka wuce bakinta yana rufe. Rabin kuɗin iyayenta ya tafi ke nan.

A mako na uku sai zafi mai tsanani ya sauko wa ƙasar. Ran 25 ga Yuli ma'aunin zafi ya kai 42.6 a Faris, abin da ba a taɓa gani ba a birnin. Mutumin Agadas zai ce wannan ai ba labari ba ne, amma gidajen can an gina su ne domin su riƙe ɗumi, yawancinsu kuma ba na'urar sanyaya ɗaki. Faransawa ba su manta da 2003 ba, shekarar da zafi ya kashe kimanin mutum 15,000, galibinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici.

Da yammacin ran nan ɗalibar ta dawo daga aji, ta tarar da tsohuwa a ƙasa kusa da madafa, jikinta zafi rau, tana magana ba kai ba gindi. Ta buga ƙofar maƙwabta, ba kowa, sun tafi hutu. Ba ƙawa, ba malami, ba lokacin duba ƙamus. Ta tuna lambar da aka rubuta musu a allo ranar farko, wato 15, ta motar asibiti. Ta buga hannunta yana rawa.

Muryar da ta amsa ta jero tambayoyi. Ina ne gidan? Tana numfashi? Tana gane ki? Shekararta nawa? To, ƙidayar Faransanci ita ce ta fi ba ta wuya tun can, gama kafin ka ce 82 sai ka ce ashirin huɗu da biyu. Ta faɗa daidai. Sauran maganar kuwa ta fito a karkace, namiji ya zama mace, jiya ta zama gobe, amma aka fahimce ta. Da ba ta gane wata kalma ba, sai ta ji kanta tana cewa, "Don Allah a maimaita, a hankali." Kalmomin da ta yi mako biyu tana jin kunyar furtawa ke nan. Aka ce ta jiƙa tsumma ta shafa wa tsohuwar a wuya da hannuwa, ta yi mata fifita, kada ta bar ta ita kaɗai. Haka ta yi har ma'aikata suka iso.

Tsohuwa ta kwana biyu a asibiti ta dawo. Ɗalibar ta nemo wani ƙaramin koren wake a shagon 'yan Asiya, ta dafa shi da ruwa da ɗan sukari, irin abin da ake sha a Sin lokacin zafi. Ta kai mata, ta ce, "Madam, a ƙasarmu ba a kiran babba kamarki haka kawai. Ki yarda in riƙa ce miki Kaka?" Tsohuwa ta kama hannunta ta ce, "Jikata, ashe kina da murya!" Daga ran nan tebur ya zama aji. Ta faɗi gaskiya cewa cuku bai karɓe ta ba, aka yi dariya, aka kawo mata ruwan ɗumi. Ta ba da labarin iyayenta da nauyin da ke kanta, tsohuwa ta ba da na mijinta, wanda ya yi aiki a masana'antar agogo lokacin da garin ya yi suna da wannan sana'a. Kuskure bai ƙare ba, tsoronsa ne ya ƙare.

Ta koma gida da takardar shaida kamar kowa, amma ba takardar ce ribar tafiyar ba. Abin da ta gane shi ne harshe ba kayan ado ba ne da ake ajiyewa sai ya yi kyau a fito da shi. Igiya ce da ake jefa wa wani, mai nutsewa kuwa ba ya duba ko igiyar ta yi datti. Muddin hankalinta yana kan mutuncinta, bakinta a ɗaure yake. Da ya koma kan ran wata, sai ya kwance.

Akwai darasi kuma ga masu masauki. Tsohuwar nan ta yi mako biyu tana shirya tebur ga baƙuwar da ba ta ce mata komai ba, ba ta gaji ba, ba ta ce yarinyar tana da girman kai ba. Ba ta san cewa ta hannun wannan baƙuwa Allah zai tsawaita kwananta ba. A misalin da Yesu ya bayar na mutumin da 'yan fashi suka bari a bakin hanya, bare ne, Basamariye, ya zama maƙwabci na gaskiya. Duk wanda ke da baƙo mai shiru a gidansa, ko a ajinsa, ko a bencin baya na majami'a, ya ƙara haƙuri, ya ci gaba da ajiye masa kujera.