Cayote da Soso a Rumfar Umdurman

Kartum gari uku ne da kogi ya raba: Kartum ɗin kanta, da Bahri, da Umdurman. A wurin da ake kira Mugran ne Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, ga tsibirin Tuti a tsakiya kore shar da gonakin lambu da lemun tsami. Baƙo zai ɗauka garin da koguna biyu suka ratsa, shuka ba za ta yi wuya ba. To, yi nisan kilomita kaɗan daga gaɓa ka gani, hamada ce tsagwaronta. Ruwan sama bai cika kai milimita 200 a shekara ba, alhali Kano takan samu ninkin haka sau huɗu. A Mayu da Yuni zafi ya wuce maki 40, ga guguwar ƙurar nan da suke kira habub, wadda kan mai da rana dare.

Shi ya sa a Umdurman inuwa dukiya ce. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da rakuba ba, wato rumfar tsakar gida. Nan ake jera gadajen igiya da ake kira angareb, nan ake shan jabana, nan ake kwana idan ɗaka ta gagara. Wasu kan rufe rakuba da tabarmar kaba ko kwano. Masu dabara kuwa yaɗo suke sakar mata, ganye ya rufe ta, iska na ratsawa da ɗan sanyinta.

Tsakanin 2016 da 2022 na yi ta zuwa kasuwar Umdurman sarin humra da itacen sandal. Masaukina gidan wata dattijuwa ne a gefen Umbadda, kowa Hajiya yake ce mata. Kakanninta na cikin mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Hausarta garau take, sai dai ruwa a bakinta moya ne, lafiya kuma kwayyis.

A rakubarta na fara ganin cayote. Ɗanta da ke fataucin gahawa daga Uganda ne ya zo mata da 'ya'yan guda uku, don can abin miya ne, suna kiransa nsusuti. Asalinsa Meziko ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, kuma ɗan'uwan kabewa ne da kokwamba. A Burazil cucu ake ce masa, a Filifin sayote. Siffarsa kamar fiya, kore fatsi-fatsi, ya kai dunƙulen hannu. Ɗanɗanonsa ba ƙarfi, duk miyar da ka sa shi ciki sai ya ɗauki ƙamshinta. Ana cin ɗan, ana cin tohon ganyen, har saiwar ana dafawa idan ta yi ƙwari.

Abin mamakinsa ƙwallon ne. Guda ɗaya tak ne a ciki, kuma tun yana cikin ɗan yake tsirowa. Ba a fitar da shi a shanya kamar irin kabewa, da ya bushe ya mutu. Ɗan gaba ɗaya ake binnewa, a karkace, ɓangaren mai faɗi wanda tsiron ke fitowa ya kalli ƙasa, ɓangaren tsukin ya ɗan leƙo waje. Idan aka binne shi duka a ƙasa mai jiƙa, ruɓewa yake yi.

Hajiya ta shuka nata a ƙarshen Oktoba, lokacin da zafi ya fara sassautawa. Ƙasar unguwarsu tsakuwa ce da yashi, saboda haka ta sa aka kawo mata taɓon kogi, ta gauraya da takin akuya da ya kwana biyu. Ruwa kuwa saye ake yi, mai amalanken jaki ke kawo ganga. Sai ta haƙa ramin dab da mazaunin zir, randar ƙasar da suke sanyaya ruwa, don ɗigon da ke fita ta gindin randar ya riƙa jiƙa wurin dare da rana. Ruwan alwala ma can yake zuwa. Na wanki da sabulu ne kawai ta hana.

Na tambaye ta, "Hajiya, wannan baƙon zai jure ranar garin nan kuwa?"

Ta ce, "Ɗana, baƙo ai ba ya zaɓar gari, lokaci yake zaɓa. In ya shigo da sanyi zai ci ya sha. In ya tsaya har bazara, ruwansa."

Haka kuwa aka yi. Cayote na son yanayi mai sassauci, irin na tuddan Jos ko Mambila, kuma sai ya yi wata huɗu zuwa biyar kafin ya ba da 'ya'ya. Furensa iri biyu ne a jikin yaɗo guda, namiji da mace, zuma ke haɗa su. Idan zafi ya tsananta furen kaɗewa yake yi kafin ya ƙulla. Sanyin Kartum kuwa gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yaɗon ya haye rakuba kamar ana jan sa, a ƙarshen Fabrairu ta fara tsinka, ta yi miya, ta aika wa maƙwabta su ɗanɗana. Kafin Afrilu ya ƙare ganyen ya ƙone ƙurmus.

Rakubar dai ba ta zauna tsirara ba, don a ɗaya kusurwar akwai soso, wanda Sudaniyawa ke kira lif. Shi ba ruwansa da zafi muddin gindinsa na samun danshi. Ɗanyensa ƙanana ana miya da su, wanda ya ƙosa a bari ya bushe, a ɓare, a yi wanka da wanke-wanke, a sayar da ragowar. Jikin katanga ga kabewa, ga layin kuɓewa da ake yankawa a shanya a daka ta zama weka, ga lalo da suke kira khudra. Duk filin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A Kurdufan da Darfur irin wannan lambun na mata jubraka ake ce masa, shi ke riƙe gida kafin hatsin gona ya nuna.

A lokacin, mu fatake kallon abin sha'awa muke yi wa lambun. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, cikin azumi. Kasuwanni suka rufe, aka wawashe shaguna, gadoji suka zama fagen daga, famfo da lantarki suka ɗauke. Manoman Tuti da ke ciyar da birni da kayan miya su ma aka yi musu ƙawanya. Unguwanni da yawa suka dogara da takaya, tukunyar haɗin gwiwa da matasa da mutanen masallaci ke ɗorawa. Mai ganye a tsakar gida ya samu abin jefawa a tukunya, ko da garin dawa kaɗai ya rage.

Hajiya ta yi wata biyar kafin 'ya'yanta su fitar da ita zuwa Gadarif, inda Hausawa ke da yawa. Da muka yi waya na tambayi lafiya, sannan na tambayi rakuba. Ta yi dariya ta ce, "Rakuba na can, Allah Ya tsare. Amma irin soso da na kuɓewa da na kabewa suna bakin zanena na fito. Shi wancan ɗan gatan ba ya ƙulluwa a zane, sai na bar shi."

Ga masu karatu da ke haya a Jidda, ko Njamena, ko Agadas, ko waɗanda suka fara komawa Kartum tun da sojoji suka karɓe ta a Maris 2025, shawarata ita ce: in ka samu cayote, gwada shi. Nemi wanda ya fara tsiro, shuka shi da shigowar sanyi, a gefen da rana ba ta dukansa da la'asar, ka kafa masa rumfa mai ƙwari don yaɗonsa na iya wuce mita 10. Ka ci rabonka kafin bazara. Amma wanda za ka dogara da shi, ya zama mai irin da ke bushewa. Shuka soso da kabewa da kuɓewa da faɗuwar ruwan farko, ko a cikin rabin ganga ne idan mai gida ya hana tona ƙasa. Kowace shekara ka bar ɗa ɗaya ya ƙosa a jikin uwarsa, ka shanya irin a inuwa, ka gauraya da toka don ƙwari, ka zuba a kwalba ka rufe. Ajiye ta kusa da fasfo da takardun yara.