Daga Gidan Zoo Zuwa Jajaye Da Fensir A Hannu

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, wata tambaya ce na zo muku da ita. Ke 'yar uwa, in aka miƙo miki takarda da fensir aka ce ki zana bishiyar da ke ƙofar gidanku ba tare da kin leƙa waje ba, za ki iya? Rassanta manya guda nawa ne? Wane ɓangare ta karkata? Na san da yawanmu sai dai mu yi dariya, alhali kullum ta gindinta muke wucewa mu tafi makaranta ko Islamiyya. Wannan ne ya sa nake so in ba ku labarin yawon da na yi da littafin zane da 'yar wayata, daga cikin birnin Kano har zuwa Jajaye a ƙaramar hukumar Rogo, da abin da yawon ya nuna mini.

Da Gidan Zoo na fara, tunda shi ne wurin shaƙatawar da kowace 'yar Kano ta sani. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma sunansa yake ɗauke da shi har yau. Yawancinmu sai da sallah muke zuwa, a sha kwalliya, a yi ta turereniya, a ɗauki hoto a gaban keji a dawo gida da ciwon ƙafa. Ni kuwa ranar Talata na zaɓa da hantsi, ni da ƙanwata, lokacin da babu kowa sai ma'aikata. Na sami inuwa na zauna na buɗe littafi. Wallahi minti ashirin da na yi ina ƙoƙarin zana jimina ya sa na ga abin da ban gani ba a duk zuwan da na yi tun ina ƙarama: ashe yatsu biyu ne kawai a kowace ƙafarta! Ƙanwata ta ɗauke ta hoto ya fi goma, amma da na tambaye ta yatsun sai ta ce uku. Kin ga bambancin ke nan. Waya tana ɗauka a cikin ƙiftawar ido, shi kuwa fensir sai ya tilasta miki kin tsaya kin duba.

Kada kuma ki ɗauka zanen gari sabon abu ne. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano bayan ya ratso Sahara ta Agadas. Ya zana yadda birnin yake daga kan Dala, kuma hoton nan yana cikin littafinsa har gobe, da gidajen ƙasa da itatuwan dabino da fili fetal a cikin ganuwa. In kin hau Dala yau kika duba, rufin kwano ne iya ganinki. Ba don zanen baƙon nan ba, da sai dai a ba mu labari da baki.

Bayan sati biyu sai tafiyar Jajaye ta taso, za mu gaida Gwaggo, yayar mahaifinmu. Yayana ne ya ja mu. Muka ɗauki hanyar Gwarzo daga Kabuga, muka ratse muka nufi Karaye. Tun a mota na roƙe shi, na ce, "Yaya, don Allah ka tsaya da mu a dam ko na awa ɗaya ne." Ya ce, "Ke dai da rigima kike, mutane na zuwa zumunci ke kina zuwa kallon ruwa." Amma dai ya tsaya.

'Yan uwa, wadda ba ta ga madatsar ruwa ta Challawa ba, ta yi ƙoƙari ta gani. Tana ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 daga Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawon bangonta kuwa ya kusa kilomita 8, kuma tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. In kin tsaya a bakin ruwan sai ki rantse teku ce. Ga masunta a kwalekwale suna jefa taru, ga balbelu fari fat a bayan shanun Fulani, ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. A nan Karaye ɗin ne kuma dam ɗin Kusalla yake, inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yake.

Ruwa yana da wuyar zane, gaskiya. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na fara jan layi ɗaya miƙaƙƙe inda ruwa ya haɗu da sama, sannan na sa kwalekwalen, na bar sauran takardar fara. Hoto kuwa sai da rana ta yi sanyi bayan la'asar ya yi kyau, da na juya mata baya. Wani abin da ya kamata ki sani shi ne ruwan nan ba a Karaye yake ƙarewa ba. Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, wanda yake shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a bayanta, ambaliyar da take cika fadamun nan ta ragu. Ashe abin da ya zama albarka ga mai noman rani a nan, ya rage wa wani masunci a can ƙasa.

Daf da magariba muka shiga Jajaye. Babu ƙofar shiga, babu mai yankar tikiti, amma ni dai ban ga lambun da ya kai bayan garin nan daɗin zama ba. Da safe na fita da 'ya'yan Gwaggo mata biyu, muka bi ta gonaki. Kuka ce ta fara tare ni, jibgegiya, babu ganye ko ɗaya saboda rani, sai 'ya'yanta suna reto. Kusa da ita ga gawo ya yi kore shar, domin shi al'adarsa daban ce, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, shi ya sa manomi ba ya ƙin sa a gona. Ga tsamiya, ga kaɗanya, ga kanya. Na zauna na fara da kukar. Yaran suka kewaye ni suna dariya, ɗaya ta ce, "Yaya, kin manta ramin zuman da ke can sama." Na duba, ai kuwa ga shi nan. Na miƙa mata fensirin na ce ta sa da kanta.

Da muka koma gida na nuna wa Gwaggo. Ta riƙe littafin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, ina ma kin zo da wannan abin naki tun ɗorawata tana nan." Na ce, "Wace ɗorawa, Gwaggo?" Ta ce wata babbar ɗorawa ce a gonar da suke aro, wadda ta fi shekara ashirin tana tsintar kalwarta tana yin daddawa, da kuɗin daddawar nan ta yi wa 'ya'yanta uku na farko kwanuka da tabarmi na kayan ɗaki. Da gonar ta canja hannu, sai aka sayar wa masu gawayi da itacen, kwana biyu suka gama da ita. Ta ce, "Yanzu in na ce wa jikokina a nan take, sai su ga kamar tatsuniya nake yi." Allah Sarki! Ta kai ni wurin da yamma. Kututture ne kawai ya rage, baƙi ƙirin, akuya tana tsaye a kai. Na ɗauke shi hoto, na kuma zana shi, Gwaggo tana kwatanta mini yadda rassan suke ina ɗorawa a sama da layi mara ƙarfi.

Labarin Gwaggo ya tuna mini da wata itaciya a ƙasar Nijar, wadda na sani ta hanyar hotuna. A cikin hamadar Tenere, gabas da Agadas, an yi wata itaciyar ƙaya dangin bagaruwa, ita kaɗai tilo a tsakiyar rairayi, ayarin raƙuman da ke zuwa ɗaukar gishiri Bilma da ita suke gane hanya, kuma Buzaye ba sa taɓa ko reshenta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta banke ta ta faɗi. Aka kwashe gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Wanda yake son ganin ta da ranta yau, sai dai a tsofaffin hotunan matafiya.

Wani ɓangare na wannan hamada da duwatsun Azbin gwamnatin Nijar ta keɓe shi a 1988 a matsayin gandun da aka hana ɓarna, faɗinsa ya haura hekta miliyan 7, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. A arewa da Agadas kuma, a wani wuri da ake kira Dabous, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita 5. Raƙumin dawa kuwa ganye yake ci. Ke nan wurin da ya zama rairayi yau, da can daji ne mai itatuwa da ruwa, kuma waɗanda suka zauna suka yi zanen nan suna cikin masu ba mu shaida. Jiharmu ta Kano tana cikin jihohi 11 na Arewa da ake aikin dashen itatuwa don tare hamada. Hamada ba ta sallama in za ta shigo, da itace ɗaya-ɗaya take farawa, irin ɗorawar Gwaggo.

To ke 'yar uwa, me za ki yi? Ba sai kin je Azbin ba, ba kuma sai kina da kyamara mai tsada ba. Ki sami littafi mara layi da fensir da abin gogewa. Ki fara da babban siffar abu kafin ƙananan. Ki miƙa hannu ki auna tsayin bishiya da fensirinki, ki ga sau nawa faɗinta ya shiga tsayinta. In hoto ne, ki goge idon wayar da gefen mayafinki, ki fita da sassafe ko bayan la'asar. Abu mafi muhimmanci, ki rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasan kowane zane, ki tambayi tsofaffi sunan itacen da amfaninsa ki rubuta. In a gidanku ba a son zanen mai rai, ga itatuwa da duwatsu da ruwa nan, sun ishe ki aiki shekara guda.

Sai kuma ladabi. Kada ki fita sai da izinin iyaye, kuma da rakiya. Kada ki ɗauki kowa hoto sai kin tambaya, balle matan aure a bakin rafi ko a cikin gida. A wuri irin dam, ki fara gaida masu gadi ki ji inda aka yarda a tsaya, kuma ki nisanci gaɓar ruwa mai zurfi. Gonar mutane ma a yi sallama kafin a shiga.

Wannan hutun, kowaccenku ta zaɓi itace ɗaya a unguwarsu ko a ƙauyensu ta zana shi, ta ɗauke shi hoto, ta adana. Wadda ta samu hali ta dasa wani kusa da shi ta riƙa ba shi ruwan alwala. Wata rana 'yarki za ta tambaye ki yadda garinku yake kina budurwa, sai ki buɗe littafi ki nuna mata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.