Bashin da ba na Hajiya ba

Kawuna yana sayar da albasar Galmi buhu-buhu a Hanoukopé, nan Lome, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Littafinsa ya tsufa, ruwan damina ma ya taɓa shi. Ni kuwa ina ɗokin nuna masa karatun kwamfutar da nake yi ba wasa ba ne, sai na rubuta masa 'yar manhaja da Python. Na gina aji guda na abokin ciniki. Duk wanda ya ɗauki kaya, a ƙera masa nasa abu daga ajin, da sunansa da jerin bashinsa. Na gwada da mutum ɗaya, komai ya tafi daidai.

Ranar da na shigar da mutum huɗu, wata Hajiya mai abinci ta zo biya. Kawu ya ce in duba. Na karanta da ƙarfi, har da gadara: jaka 85. Ta ce nata jaka 20 ne. Tun ban san kaina ba take ciniki da shi. Ta dube shi ta ce, "Alhaji, yau ni za a yi wa haka?" Ta ja mayafinta ta tafi.

Daren nan ban runtsa ba. Na bi lissafin sau biyar, tarawar ba ta da aibu. Sai na dasa breakpoint() a layin da ake ƙara bashi, pdb ya tsayar da manhajar cak. Ina danna n ina bin ta layi-layi, in na kai ƙofar wani aiki in danna s in shiga ciki. Sunaye daban-daban ne, shi ya ruɗe ni tun farko. Da na nemi id() na jerin Hajiya da na wani mai shago, sai lamba ɗaya ta fito.

Ashe na rubuta jerin ne a ƙarƙashin kan ajin, ba cikin __init__ ba. Mutum huɗu, akushi ɗaya, kowa yana zuba bashinsa a ciki. Layi guda na matsar, na sa masa self, bashin Hajiya ya koma jaka 20.

Da safe na tarar Kawu ya fito da tsohon littafinsa. Na fara yi masa bayanin aji da abu, ya ɗaga hannu.

"Hau zemijan ka je ka ba ta haƙuri da bakinka. Kuma kada ka ce mata kwamfuta ce."