Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A bakin hanyar Barikin Shadawanka, a Bauchi, akwai wani tsohon makaniki wanda ba ya taɓa bulok ɗin inji sai ya wanke shi da kananzir, ya karanta lambarsa, ya auna ramukan fistan.

Ran nan ɗan ƙanensa ya kawo masa na gwanjo mai silinda shida, jeri biyu kamar harafin V, irin wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka fitar a 1974. Rabin kuɗin aurensa ya zuba, don an ce masa babban ne, mai rami milimita 91. Tsoho ya auna, ya sami 88.

Yaro ya ce, "Baba, a rarake shi mana, ya ƙara gudu."

Tsoho ya ce, "Ɗana, bayan wannan bango ruwan sanyaya inji ke gudana. In na ci milimita uku, ran da ka taka mota a hanyar Jos zai tsage."

Yaro ya yi wata biyu bai zo gaisuwa ba. Tsoho bai tanka ba, ya ɗaura injin bisa awonsa na asali. Da motar aka ɗauko amarya daga Toro, lafiya lau.