Zuwa ga Auta, a kan Kishiyar Inna

Auta,

Saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi sau uku. A na farko maganarka na ji. A sauran biyun kukan injin da ke bayanka nake bi, kuma kafin ka rufe baki na ji motar Baba ta yi tuntuɓe sau huɗu. Na rubuto da hannu ne don ka sa takardar a aljihu, ka tsaya gaban bonet ka bi ta daki-daki, saboda na san halinka da waya.

Bari in fara da faɗan, mu wuce wurin. Batir na uku ke nan a shekara guda. Ka bar jaki kana dukan taiki. Batir tulu ne, abin da aka zuba masa shi yake riƙewa. In rijiya ta ƙafe, ko tulu goma ka jera a tsakar gida da ƙishirwa za ka kwana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka tsaya kana kallo mai rewaya ya cire kan batir inji na aiki, wai yana gwada caji. Wannan ɗabi'ar zamanin dainamo ce. A motar da ke da altaneta, batir ne ke shanye wutar da ta yi tsalle. In aka zare shi, wutar na iya haurawa ta ƙone dayod ɗin da ke cikin altanetar, sai mai gwajin ya haifar da cutar da ya zo nema. Da Baba na raye, ka san irin kallon da zai yi muku ta saman tabarau, kai da shi duka.

Ka ce matsala biyu gare ta: ba ta tsayawa a silo, kuma ba ta caji. Ni ina zaton ciwo ɗaya ne ya fito ta ƙofa biyu. Da kanka ka faɗa cewa in ka kunna fitilun gaba sai ta fara rawar ɗari, allurar caji ta kwanta gefen ragi. A silo altaneta a hankali take juyawa. In fambel ya saki, ɗan abin da take bayarwa ma sai ya ragu. Wuta ta yi ƙasa, kwayil ya rasa ƙarfi, tartsatsin fulogi ya yi sanyi, inji ya ƙara sassautawa, altaneta ta ƙara yin baya. Haka suke jan juna har ta mutu a gaban danja, masu Keke na yi maka hon. Don haka kada kowa ya kai sukudireba kan kafireto sai wuta ta daidaita.

Ka sayi mita, kuɗinta bai kai na shan manka na mako ba. Da safe, kafin ka murɗa makulli, ka auna kawunan batir. Cikakken batir volt 12.6 yake nunawa. In ka ga 12.2, rabi ne. Sai ka tayar da ita, yaron gidanka ya ɗan taka totur zuwa zagaye 2,000 a minti, ka sake aunawa. Abin da nake so ka gani tsakanin 13.8 ne da 14.5. In bai kai 13 ba, babu caji. In ya haura 15, katawut ne ke dafa maka batir, kuma za ka tarar ruwansa na ƙafewa da wuri. Ka tuna nata katawut ɗin a waje yake, cikin ɗan akwati a jikin bangon inji, ba a cikin altaneta ba kamar motocin yanzu.

Fambel kuwa, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Kamar santimita ɗaya ya kamata ya lotsa. In gefensa ya yi sheƙi kamar goshin Kawu ranar Juma'a, ya gama aiki, ka canza shi.

Akwai wurin da kowa ke tsallakewa: wayar da ta taso daga kan batir na ragi ta kama jikin inji da jikin mota. Motar nan ta haura shekara hamsin, damina nawa ta gani? Ka kwance ta, ka goge mazaunin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Haka gajeriyar wayar nan mai aikin fis da ke kusa da kik, haka akwatin fis, wanda a irin wannan mota zafin wutar fitila kan narkar da shi. Na sha ganin an sauke altaneta mai lafiya saboda tsatsar da ba ta fi ƙwayar gero ba.

In kuma caji ya yi daidai amma ta kwana ta tashi babu wuta, to akwai ɓarawo da dare. Ka kashe komai, ka rufe ƙofofi, ka cire kan batir na ragi, ka sa ƙaramin ƙwan fitila tsakaninsa da wayar. In ya kama sosai, ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. In duk ka zare bai mutu ba, ka cire wayar altaneta. Nan za ka gane ko gwajin mutumin naka ya bar mana tabo.

Sai mu zo kan silo. Ka tuna jerin da Baba ke sa mu maimaitawa kamar hadda: bawul, kwantak, lokacin wuta, fulogi, sannan kafireto. Kai kullum daga ƙarshe kake farawa, shi ya sa ya raɗa maka Sarkin Gaggawa. Bawul da sanyi: milimita 0.20 na shiga, 0.25 na fita. Bakin kwantak kusan rabin milimita. Wayoyin fulogi 1-5-3-6-2-4, ka duba da idonka, don hannaye da yawa sun shiga injin nan bana.

In ka kwance fulogi shidan, ka jera su a kan tsumma yadda suka fito. Ukun gaba kafireton gaba ke ciyar da su, ukun baya na baya. In uku sun yi baƙi da hayaƙi uku sun yi fari fat, sun gaya maka wanda ke cin mai da wanda ke jin yunwa. Launin da ake nema shi ne na shayin da aka sa wa madara.

Kada ka manta da man da ke saman kowane kafireto, ƙarƙashin baƙin murfin nan. In ya ƙafe, fistin ɗin ciki sai ya riƙa tsalle, mota ta riƙa shaƙewa in an taka. Ƙurar hunturu ma kan sa shi maƙalewa: ka ɗaga shi da yatsa, ya kamata ya sauko da kansa har ka ji ɗan ƙwas. Sannan ka matse tiyon da ya tafi tukunyar birki. In kukan inji ya canza, iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Daidaita kafireton biyu ne aikin da ba na so ka ba kowa. Ka tuna guntun tiyon da Baba ke sawa a kunne, ya kai ɗaya bakin ga maƙogwaron na gaba, ya koma na baya, yana lumshe ido har shuuu ɗinsu ya zama ɗaya? Sai an sassauta sandar da ta haɗa su tukuna, in ba haka ba kana murɗa ɗaya kana jan ɗayan. Wajen zagaye 750 take zama lafiya. Tiyon yana nan a akwatin sufanu, ban yar ba.

Na ji kuma an ba ka shawarar a sauke injin a sa mata na Camry. Da ka faɗa ban amsa ba, don ban yarda da muryata ba a lokacin. Auta, wannan Datsun 240Z ce. Irinta ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973 da Shekhar Mehta a sitiyari, labarin da muka ji har muka haddace a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Inna ta yi shekaru tana kiranta kishiya, amma ranar da aka zo rabon gado ita ce ta ce kada a kuskura a sa mata kuɗi. Kai aka ba wa don kai ne kake kwana a kujerarta in Baba ya hana ka bin sa. Injin bai yi maka laifi ba. Ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. In wani abu ya gagara samuwa, zan shiga Ƙofar Ruwa da kaina, kai kuma ka leƙa Panteka.

Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, sanyin asuba ne kawai ke tayar da ita. Inna ta tambaye ka sau biyu a makon nan. Na ce aiki ne. Kada ka sa in sake faɗin haka karo na uku.

Ka rubuta lambobin da mita ta ba ka a bayan takardar nan, na safe da na bayan an tayar, ka turo mini hotonsu. In caji ya kai 13.8, ka kamo hanya da ita ranar Asabar da hantsi, kada ka yi dare tunda fitila ce ke kayar da ita. Ka taho da hoton fulogin a jere yadda na ce, da kilishin Inna marar yaji. Ka gaishe da maman yara, ka shafa mini kan takwaran Baba.

Yayanka